Kabari Babu Gawa a Kirkwall

Lakwaja gari ne da na sani ta tagar mota. Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa kudu ya san yadda ake yi: a haye gadar Murtala, zafi ya rufe mutum kamar an tura shi gidan burodi, direba ya tsaya shan mai, fasinjoji su watse neman soyayyen kifi da wurin alwala, can sai a ji ana ta danna ham. Na yi wannan tsayuwar ta fi sau ashirin, ban taɓa ɗaga kai na tambayi tarihin garin ba. Sai da karatu ya kai ni Aberdeen, can arewacin Sikotilan, sannan Lakwaja ta biyo ni.

Wani abokin karatuna ne, ɗan ƙabilar Ibo, mutumin Anacha, ya ja zancen muna cin abincin rana.

"Malam, ka san abin da muke ce wa Bature?"

Na ce a'a.

"Bekee."

Ya ce da yawa a wajensu sun ɗauka kalmar daga sunan wani likita ta samo asali, Baikie, wanda ya shigo kogin Kwara da jirgi tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba, ya zauna a Lakwaja. Ya ƙara da tsokana, wai mutumin ya fi ni jin Hausa. Sannan ya nuna wajen tashar jiragen ruwa da cokali, ya ce ai garinsu ma ba nisa, jirgin da nake gani kullum a can yana zuwa.

Da aka yi hutu a watan Yuni na yanki tikiti.

Jirgin yakan bar Aberdeen da biyar na yamma, ya yada zango a Kirkwall wajen sha ɗaya na dare, sannan ya wuce Shetland. Ni ɗan tudu ne, babban ruwan da na taɓa shiga shi ne dam ɗin Tiga, shi ma a kwalekwale. Awa biyun farko ina ta ɗaukar hoto ina jin kaina. Da muka rabu da gaɓa teku ya nuna mini halinsa, sauran tafiyar a kwance na yi ta, ina riƙe da leda, ina ta salati. Wani dattijo da ke kusa da ni ya miƙo mini alewar citta bai ce komai ba. Allah Ya saka masa.

Abin da ya fara ruɗa ni da muka sauka shi ne hasken gari. Sha ɗaya ta wuce, amma sama tana nan kamar bayan magariba da kaɗan a gida. A wannan lokacin na shekara rana ba ta faɗuwa a Orkney sai bayan goma, wajen huɗu kuma ta sake fitowa, tsakani ma duhun bai kankama. Na tsaya a ɗakin masauki ina duban taga, ina neman inda jan shafaƙi zai ɓace in yi isha'i, shi kuwa ya ƙi ɓacewa, sai dai ya gangara arewa. Ƙarshe lissafin da masallacinmu na Aberdeen ke bi na ɗauka, na yi sallah, na ja labule.

Orkney tsibirai ne kusan 70, wajen 20 ne ake zaune a kansu, mutanensu gaba ɗaya kimanin 22,000, ba su kai na unguwa guda a Kano ba. Da can a hannun Norway suke. A 1468 sarkin Denmark da Norway ya aurar da 'yarsa ga sarkin Sikotilan, ya kasa cika kuɗin da ya yi alkawarin haɗa amarya da su, sai ya ba da tsibiran jingina. Har yau ba a zo fansa ba. Na ce ashe wahalar kayan ɗaki ba a kanmu aka fara ba.

Da safe na fita. Tsohon garin Kirkwall kusan titi ɗaya ne, siriri, an shimfiɗe shi da falalen duwatsu, yana murɗawa tsakanin gidaje masu launin toka yana sauya suna. A tsakiyarsa akwai wata bishiya guda tilo da suke ce wa Babbar Bishiya. Cikinta ya rarake, an tokare ta da ƙarfe, an ce ta kai shekara 200. A Zariya ko akuya ba za a ɗaure a jikinta da alfahari ba, amma a nan abin nunawa baƙo ce, don iskar teku ba ta barin itace ya miƙe. Ka fita bayan gari, ciyawa ce shar da shanu da katangun dutse har inda ido ya tsaya. Na riƙe wannan bishiyar a zuciya, saboda daga baya masana tsirrai a Landan sun raɗa wa wani jinsin manyan itatuwan dajin Afirka suna Baikiaea, don tunawa da yaron da ya tashi a wannan gari marar inuwa. Cikin jinsin har da wani katako mai tauri na yankin Zambezi da aka daɗe ana shimfiɗa layin dogo da shi.

Majami'ar St Magnus ba ta ɓoyuwa. An fara gininta a 1137 da jan dutse da rawaya, janta irin na ganuwa bayan ruwan sama. Ban saba shiga coci ba, na ɗan yi jim a ƙofa, sai wata dattijuwa mai tarbar baƙi ta yafito ni. Ta tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ta ce to ta san wanda na zo nema. Yawancin baƙi, in ji ta, wajen John Rae suke nufa, ɗan Orkney ɗin da ya yi suna a ƙanƙarar arewacin Kanada, wanda aka sassaƙa siffarsa yana barci da bindiga a gefe. Shi kuwa namu babu siffa. Gini ne na dutse mai kamar kabari, an zana rubutu a jiki, ga sunansa: William Balfour Baikie. Ta ce kada in ɗauka yana ciki. Gawarsa tana Freetown ta Saliyo, inda ya rasu a ƙarshen 1864 yana kan hanyar dawowa gida. Bai sake ganin Orkney ba.

Na sami kujera na zauna, na ciro 'yan takardun da na tara a laburaren jami'a.

A garin nan aka haife shi a 1825, mahaifinsa kyaftin ne a rundunar ruwa. Ya yi karatun likita a Edinburgh, ya shiga rundunar ruwan shi ma a 1848. A wannan shekarar ce kuma, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi da wani abokinsa Robert Heddle suka fitar da wani ɗan littafi mai sunan Latin, Historia Naturalis Orcadensis, jerin dabbobi da tsuntsayen da aka taɓa gani a Orkney. Aikin mai haƙuri ne: wane tsuntsu, a wane tsibiri, a wane wata, wa ya gan shi. A zamanin Sarauniya Biktoriya irin wannan ɗabi'ar ta kama Turawan Birtaniya kamar annoba. Limamin coci yana tara ƙwari, matar attajiri tana busar da ganye a cikin littafi, likita yana feɗe tsuntsu bayan ya tashi aiki. Ba a raba likitanci da nazarin halittu ba, shi ya sa da gwamnati da wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird suka shirya tura jirgi Kwara a 1854, aka ɗauki Baikie da muƙami biyu, likitan tafiya kuma mai nazarin halittu.

Ba shi aka naɗa shugaba ba. John Beecroft ne, jakadan Birtaniya a tsibirin Fernando Po, wanda ya san kogin. Kafin jirgin, mai suna Pleiad, ya iso, Beecroft ya rasu, jagoranci ya faɗa kan likitan da bai cika talatin ba, bai kuma taɓa shiga Kwara ba.

Sai mutum ya san abin da ya faru a baya zai gane nauyin da ya ɗauka. A 1841 an tura jirage uku wannan kogin da shiri mai yawa, zazzaɓi ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan da ke ciki. Gaɓar Afirka ta Yamma kabarin Bature ake ce mata. Ba su san sauro ne ba. Sun ɗauka mugun tururi ne ke tashi daga fadama, sunan maleriya ma daga nan ya fito, ma'anarsa mugun iska. Sai a 1880 aka ga ƙwayar cutar a cikin jini, a 1897 kuma Ronald Ross ya tabbatar da hannun sauro. Maganin dai yana nan tun tuni, kwinin, wanda ake samu daga ɓawon wata bishiya ta tsaunukan Kudancin Amurka, amma galibi sai mutum ya kwanta ake ɗura masa. Wasu likitocin rundunar ruwa sun fara cewa a riƙa sha tun kafin ciwo ya zo. Baikie ya ɗauki shawarar da gaske. Turawa 12 ne a jirgin, da 'yan Afirka sama da 50, ya sa Turawan nan shan kwinin kullum, da lafiya da babu. Rigakafi ya fi magani, mu a karin magana muka san shi, shi kuwa a kan rayukan mutane ya gwada.

Sun yi kwana 118 a cikin kogi. Suka kai mahaɗar Kwara da Binuwai, suka bi Binuwai sama, suka zarce iyakar da wani jirgin Bature ya taɓa kaiwa da kusan mil 250, har ƙasar Muri, inda Baikie ya sauka ya je gaida sarki a Hamaruwa. Injin jirgin itace yake ci, kullum sai an tsaya an sara, ruwa kuma ya fara janyewa, dole suka juyo. Suka koma teku babu wanda ya mutu. Cikin abin da aka aike su har da neman Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim. Suna can suna cigiyarsa a bakin Binuwai, shi kuwa yana tsakanin Sakkwato da Kano, yana dawowa daga Tambutu. Samuel Ajayi Crowther ma yana cikin jirgin, shekara goma kafin a naɗa shi bishop.

Littafin da Baikie ya rubuta kan tafiyar ya fito a 1856. Abin da ya burge ni tun daga bangonsa shi ne sunayen kogunan. Turawa a lokacin Niger da Tsadda suke cewa, shi kuwa ya sa Kwora da Binue a gaba, wato Kwara da Binuwai, yadda ya ji masu kogin suna faɗa. Ɗabi'ar mai tara tsuntsu ce: kafin ka raɗa wa abu suna, tambayi mutanen wurin me suke kiransa.

Ya koma a 1857 da wani jirgi, Dayspring, wannan karon sa'a ba ta bi shi ba. Jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace, suka yi zaman kusan shekara a bakin kogi kafin a zo ɗaukarsu. Masanin tsirran da lambun nazarin tsirrai na Kew da ke Landan ya haɗa shi da shi, Charles Barter, ya ci gaba da tara ganyaye da 'ya'yan itace yana aikawa Landan har ya rasu a Rabba a 1859. Gwamnati ta so a naɗe tabarma. Baikie ya ƙi komawa. Ya nemi izinin Etsu Masaba na Bida, ya kafa mazauni a gindin dutsen Patti, daura da mahaɗar kogunan. Littattafan Turawa suna cewa shi ya kafa Lakwaja, kamar ya iske wurin fayau. Akwai Oworo da sauran mutane a yankin tun kafin a haifi kakansa, kuma ba don Masaba ya ga amfanin ciniki da shi ba da bai kwana ba. Abin da ya yi dai ya yi: ya buɗe kasuwa, ya fanshi bayi ya zaunar da su, shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malamin makaranta, ranar Lahadi shi ne mai jan addu'a.

A nan ne Hausa ta shige shi. Ya tara kalmomin harsuna kusan 50, amma Hausa ya fi ba ƙarfi, don ita ce harshen fatake. A 1861 ya buga ɗan littafi kan Hausa da Fulatanci, ya fassara sassan littafin addininsa, fassararsa ta Zabura kuma aka buga ta bayan rasuwarsa. A daidai lokacin wani ɗan mishan, James Schön, yana Ingila yana rubuta nahawun Hausa da taimakon Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Shi Baikie a bakin kasuwa ya koya, wajen masu jaki da masu kanwa. A 1862 ya hau doki ya bi ta Bida da Zariya har Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, yana neman takardun da wani Bajamushe mai yawon bincike, Eduard Vogel, da abokin tafiyarsa suka bari, Vogel ɗin da aka kashe a Wadai. A hanya ma bai bar halinsa ba, ya rubuta jerin sunayen sarakunan Kano da Zazzau da wasu garuruwa kamar yadda aka karanta masa, yadda ya jera tsuntsayen Orkney.

Zaune a cocin nan na rasa inda zan ajiye mutumin a raina. Bai zo da yaƙi ba, kuma wanda ya zauna ya koyi harshenka har ya yi rubutu da shi ya girmama ka ta wata fuskar. Amma zazzaɓin nan da ya karya shi ne katangar da ta daɗe tana tare mu. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Baikie raɓa ya zama, waɗanda suka biyo sawunsa damina suka yi. Hafsan da ke tare da shi a jirgin da ya lalace, John Glover, shi ne ya tara Hausawa 18 a Legas a 1863 ya ba su bindiga, ƙungiyar da rundunar sojan Najeriya ke ƙirga asalinta daga gare ta. A Lakwajar ce Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900. A watan Fabrairun 1903, shekara 41 bayan Baikie ya shiga Kano a matsayin baƙo, aka shige ta da igwa. Sarkin lokacin, Alu, ɗan Abdullahi Maje Karofi ne. Da suka kama shi suka kai shi Yola, daga baya suka maida shi Lakwaja, can ya rasu a 1926.

Dattijuwar ta dawo ta tambaye ni ko na sami abin da nake nema. Na ce na samu har da ƙari. Ta ce in leƙa gidan tarihin da ke tsallaken titi, Tankerness House, wanda wata zuriya mai suna Baikie ta zauna a ciki shekaru aru-aru. Na leƙa, amma yunwa ta fi ƙarfina, na fita neman kifi da dankali, abincin da Musulmi ke fakewa da shi ko'ina a ƙasar nan.

Washegari na hau bas zuwa Stromness, tafiyar rabin awa, don ganin gidan tarihin ƙungiyar nazarin halittu ta Orkney, wadda aka kafa a 1837 Baikie yana yaro. Ɗakin sama cike yake da akwatunan gilashi, tsuntsaye a tsaye a ciki da idanun kwalba, da ƙwayaye, da kwanson teku, kowanne da ɗan katinsa. Nan na ga ainihin yadda aikin yake. Babu kyamara, babu tabarau mai kyau na hangen nesa, saboda haka mai nazarin tsuntsu da bindiga yake fita. Ya harbo, ya feɗe, ya shafa wa fatar guba don ƙwari kada su ci, ya cusa auduga, ya rubuta rana da wuri. Son abu da kashe shi a hannu ɗaya suke tafiya. Akwai wani babban tsuntsun teku marar tashi da ya ƙare a duniya baki ɗaya a ƙarni na sha tara. Na ƙarshe da aka gani a Orkney an harbe shi a tsibirin Papa Westray a 1813 don wani mai tara kaya a Landan, fatarsa tana ajiye a Ingila har yau.

Da na fito na bi hanyar bakin teku da ƙafa, iska tana neman cire mini hula. A kan wata katangar dutse na ga ɗan tsuntsu, bai fi gwara girma sosai ba, bayansa toka-toka, baƙin layi a ido kamar ya sa kwalli, in ya tashi sai ka ga fari fat a gindin wutsiya. Wani mutum mai yawo da kare ya ga na tsaya, ya faɗa mini sunansa, witiya, ya ce baƙo ne, bazara kawai yake yi a nan ya yi ƙwai, in sanyi ya matso sai ya tsallaka Sahara. Na duba a waya, ashe ƙasashen Sahel yake sauka, namu yankin. Wataƙila na sha korar ɗan'uwansa a gona bayan girbi ban sani ba. Yana cikin tsuntsayen da Baikie ya tashi yana gani a kan irin wannan katangar, kuma shi tun kafin kwinin yake zuwa yana dawowa.

Da dare, ina jiran jirgin komawa, na kira mahaifina. Na ba shi labari tun daga amai a teku har kabarin da babu kowa a ciki, na kawo masa zancen Masaba da Lugga da Sarki Alu, ina ta zuba kamar mai ba da lacca. Ya saurara har na gama, ya yi shiru kaɗan.

"To madalla. Yanzu kai sau nawa ka ce ka ratsa Lakwaja?"

"Ya fi ashirin, Baba."

"Ka taɓa sauka ka ziyarci kabarin Alun?"

Na ce a'a.

"Shi yana ciki fa," in ji shi. "Ka ci abinci kuwa?"